Jakunkunan Yaya

Da hantsi Nas ta zauna a kan akwatinta tana jan zif. Shekara shida da aurenta da Malam, yau ne karon farko da za su fita waje hutu, su biyu kawai, kwana bakwai. Sai ga sallamar Yaya, wadda ta riƙe Malam tun rasuwar iyayensu, direba na biye da ita da jaka uku.

"Ɗan saƙo ne za ku kai wa ɗana, tunda garinsa za ku."

"Yaya, kayan jirgi fa aunawa ake yi," in ji Nas a hankali.

"Aunawa! Da na goya mijinki, wa ya auna min shi?"

Malam ya yi dariyar yaƙe, ya kwashi jakunkunan.

A filin jirgi sikeli ya nuna kaya sun yi yawa, ma'aikaciya ta ce sai an rage. Malam ya dubi matarsa, ya sunkuyar da kai. Nas ta durƙusa a gaban jama'a, ta fitar da takalmanta da rigunan da ta ɗinka don tafiyar, ta ba direba ya mayar gida. Hawayenta bai zubo ba sai da ta ɗaura bel a cikin jirgi.

"Ki yi haƙuri, Amarya."

"Haƙurin nake yi. Kayana na bari, amma hutun nan ba zan bar shi ba."

Bayan awa huɗu suka sauka canjin jirgi. Awa biyar suka yi a kan kujerun ƙarfe, ƙafafunta sun kumbura. Wayar Malam na kama netwok, kiran Yaya ya shigo, muryarta har Nas na ji.

"Na sa yaron ya gyara muku ɗaki. Me za ku yi da otal? Ga sunayen dangi nan na turo, kullum ku gaida gida ɗaya!"

Nas ta kafa wa allon jirage ido. Malam ya tuna wata biyu da ta yi tana karɓar aikin abokan aikinta a asibiti don ta sami kwanakin nan. Ya miƙe tsaye.

"Yaya, saƙonki zai isa hannunsa muna sauka. Amma a otal za mu sauka. Dangi kuma, ranar ƙarshe mu gaishe su."

"Iye! Ita ta sa ka ko?"

"Shekara shida tana yi min shiru, Yaya. Kunyarta ce ta kama ni."

Ƙit! Yaya ta kashe. Nas ta riƙe hannun Malam.

"In mun sauka ka kira ta. Uwa ce."

Awa bakwai suka ƙara a sama. Da asuba ɗan Yaya ya tarye su, ya leƙa jakunkunan, ya tuntsire da dariya.

"Kawu, duk waɗannan ana sayar da su a bayan gidana!"

A cikin tasi Malam ya kira. Sai a kira na uku Yaya ta ɗauka.

"Kun sauka lafiya? To, alhamdulillahi. Ba ni 'yata." Nas ta karɓi wayar. "Ki huta, kin ji? Ki zaɓo min turare da kanki, mijinki ba shi da hanci."

Nas ta yi dariya har da hawaye.

Haƙurin mace ba ya faɗuwa ƙasa, amma yana neman mijin da zai gan shi. Kuma ana iya ce wa babba a'a cikin ladabi, zumunci ya tsaya daram.