Mai Gida a Cikin Tagulla

Rana ta yi ja a bayan rumfunan doya na Salaga, Sualihu mai gyaran rediyo yana zaune a tsakar gida, ya kwantar da wata tsohuwar sifika ya buɗe cikinta. Daga Bawku ya ɗauko ta, a wani gidan silima da ya daɗe a rufe. Akwatin katako ne baƙi, tsawonsa ya kai ƙirjin mutum, irin wanda idan ya yi gurnani a wurin biki sai an ji a haƙarƙari.

A cikinta akwai ɗan allo mai raba amo, ya tura mai kauri ƙasa, siriri sama. Kwandensan da ke kai, 'yan gwangwanayen nan masu riƙe wuta, sun kumbura, naɗin wayar tagulla ya yi kore don tsufa. Sualihu ya dasa sababbin kwandensa. Da ya kai ga naɗin, ya ɗora masa ƙarfen dalma mai zafi, ya fizge shi, ya wurga kwata.

Safura matarsa tana tuƙa tuwo. Ta ce, "Maigida, magariba ta yi. Ka bar wuta haka nan."

Bai kai ga amsawa ba, sifikar ta fara gunji. Ba a haɗa ta da lantarki ba. Amon ba shi da ƙarfi, amma ruwan randa ya kama rawa, kaji suka yi tsit. Can sai ga 'yarsu Taslima, budurwa mai koyon ɗinki, ta fito daga makewayi riƙe da buta. Ta tsallake kwatar, ta tsaya cak. Butar ta faɗi.

Tun daga ranar gidan ya kulle su. Ƙofa a buɗe take, amma duk wanda ya doshi zaure sai gunjin ya danne masa ƙirji har ya durƙusa. Maƙwabta sukan miƙo abinci ta kan katanga, su koma da sauri. Kowace almuru ƙananan dunƙulen dalma na zubowa a kan kwano kamar ƙanƙara. Taslima kuwa ta zauna ta jingina da akwatin, ba ci ba sha, idonta a kan mahaifinta. Sualihu ya tsinke wayoyin sifikar duka, gunjin bai tsaya ba. Ya ɗauko gatari zai fasa akwatin, hannunsa ya ƙi ɗaguwa. Safura takan zauna kusa da 'yar tana kiran sunanta a hankali, har muryarta ta dushe.

Ta kan katangar aka aika wa Malam Zulkarnain na Yendi, tsohon malamin Sualihu. Ya iso bayan la'asar a bayan babur, ya yi bisimilla ya shigo, gunjin bai taɓa shi ba. Ya shimfiɗa buzu a gaban yarinyar, ya fara karatu. Inuwa ta ci rabin tsakar gida yana yi. Gumi ya jiƙe masa riga.

Sai bakin Taslima ya buɗe. Muryar da ta fito ta wani tsoho ce, daga can ƙasan ciki.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni. Uban yarinyar nan ma ya ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Mai gida ne ni. Cikin tagullar nan na tsufa. Da aka rufe silima na samu duhu da shiru, ban taɓa kowa ba. Wannan ya ɗauko ni, ya ɗana mini wuta, ya jefa ɗakina cikin ƙazanta."

Sualihu ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Wallahi ban sani ba."

"Ka yi sallama kafin ka buɗe?"

Sualihu ya girgiza kai.

Malam ya ce, "An zalunce ka, na ji. To ita yarinyar me ta yi maka? Su kuma me ya sa ka tsare su?"

"Ban tsare su don mugunta ba. Idan suka fita da ita, ina zan zauna? Ni ma ban san hanya ba. Na manta yadda ake zama a sarari."

Safura, da ta kwana biyu tana tsine wa abin, ta ji hawaye sun zubo mata.

Aka yi ciniki. Aljanin ya nemi a mayar da tagullar cikin akwati, a bar shi a gidan. Malam ya ƙi. Aljanin ya nemi a bar masa yarinyar zuwa ƙarshen damina. Malam ya ci gaba da karatu har aljanin ya yi kururuwa ya janye buƙatarsa. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa Sualihu zai tsamo naɗin da hannunsa, ya wanke, ya mayar mazauninsa ba tare da wuta ba, a kai akwatin dajin hanyar Kpandai, a bar shi inda ba mai kunna shi.

Sualihu ya durƙusa a bakin kwata, ya zura hannu har gwiwa. Ya wanke tagullar, ya ɗaure ta da zaren ɗinkin 'yarsa. Yana ƙulla na ƙarshe, Taslima ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta. Gunjin ya ɗauke, har kunnuwa suka yi musu zafi.

Kafin duhu ya rufa aka ɗora akwatin a keken kaya, Sualihu ya hau tare da shi. Malam ya ce kada kowa ya waiwaya. Direban, wani Mukaila, ya ce shi dai bai waiwaya ba, amma da suka sauke kayan a gindin wata kuka suka juyo, ya ji an yi musu sallama daga bayansu, cikin ladabi. Sualihu ya tsaya, bai juya ba, ya amsa.