Kapi Ɓarauniyar Takalma

A garinmu na bakin kogi, can arewa da Bangkok, ba a cika kai ƙara caji ofis ba. Shi ya sa da Goggo Lamai ta faɗo ofishin da hantsi, zaninta duk gashin kare, Sufeto Wirot ya ture kwanon taliyarsa gefe.

Kowa ya san Lamai. Ita ce shugabar 'yar ƙungiyar da ke kula da karnukan da mutane ke yarwa a haikalinmu. Ta yi shekaru tana ciyar da su da ragowar shinkafar sadaka, sai bana wata ƙungiyar agaji ta ƙasar waje ta ba su tallafi.

"Ɗan nan, an kwashe allurai," ta ce. "Na rigakafin haukar kare, waɗanda aka saya da tallafin nan. Firij wayam!"

"Zauna ki sha ruwa, Goggo."

"Ina ni ina ruwa? Asabar wakiliyarsu za ta zo ta ga an yi allura. In ba ta gani ba, tallafi ya yanke. Ƙaramar hukuma kuma ta ce duk karen da ba shi da rigakafi, mota za ta zo ta kwashe shi. Ka taɓa ganin wanda ya dawo?"

Bai taɓa gani ba. Ya ɗauki hularsa.

Firijin yana cikin wani tsohon ɗakin ibada a bayan haikali. An daina taruwa a ciki, amma mutum-mutumin Buddha yana nan zaune a ƙurya. Sufeto ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa.

"A'a, ɗora su kan taga," in ji Lamai. "Kapi na kallonka."

Wata tsohuwar karya ce mai ƙafa uku, kwance a inuwa, ta kafe takalmin da ido.

"Ɓarauniya ce. Guda ɗaya take ɗauka, ta bar maka ɗaya ka yi ta juyayi. Duk mai zuwa nan ya san halinta."

Sufeto ya yi dariya, ya ɗora su kan taga. Ya duba kwaɗon ƙofa, ba a fasa ba.

"Ina makulli yake kwana?"

"A rataye a ɗakin girkin haikali. Ni, da Bunchu direbanmu, sai 'yan kwamiti, mu muka san wurin."

"Yaushe kika ga alluran?"

"Da asuba, kafin in tafi kasuwa karɓo ƙasusuwa. Na dawo babu."

Kun san yadda asubarmu take. Malaman haikali su fita a jere, ƙafa ba takalmi, su zaga gari karɓar sadaka, karnuka duk su bi su a baya. Fili ya zama ba kowa sai Kapi, da ƙafarta ba ta kai ta. Sufeto ya gane cewa wanda ya zo ya san wannan lokacin sarai.

Ya sami Bunchu yana wanke akori-kurar ƙungiya.

"Ina kake da asuba?"

"Bayan malamai, yallaɓai, ina riƙe musu kwando."

"Babban malami ya ce bai gan ka ba."

Bunchu ya fara goge gilashin da ya riga ya goge.

"Wannan gashin zakaran da ke wuyan rigarka, shi ma sadaka aka ba ka?"

"Yallaɓai, ka rufa mini asiri. Gidan surukina na je, muna horar da zakara na faɗa. In matata ta ji, ni da zakaran tukunya ɗaya za ta sa mu."

Sufeto ya aika kofur ya tambayo. Gaskiya ne.

Daga nan ya nufi shagon Kawu Thawi, shugaban kwamitin haikali, mai sayar da kyandir da turare da lemon kwalba. Dattijo ne mai tsoron zunubi, ba a taɓa yin biki ba tare da shi a sahun gaba ba. Ya tarar da shi zaune, ƙafarsa cikin silifas sabo fil na roba.

"Na ji abin da ya faru," in ji Thawi. "Ni dai na sha faɗa, haikali ne ko gidan karnuka? Filin nan na baya, da an share shi, motocin masu ziyara sun sami wurin tsayawa."

"Ka leƙa wajen yau, Kawu?"

"Ni? Rabona da lungun nan tun kafin a haifi jikata. Wari ba ya barina. Yau ma gwiwa ta hana ni fita."

Da ya tashi raka baƙo, Sufeto ya lura yana ɗingishi fiye da kullum.

A bakin ƙofar haikali akwai Sa-ing mai taliya, wadda ba abin da ke wuce ta. Sufeto ya zauna ya nemi kwano, don na safe ya huce a ofis.

"Yaya Sa-ing, wa ya wuce nan bayan fitar malamai?"

"Ba kowa, ƙanena. Sai Kawu Thawi, bawan kirki. Ƙafa ba takalmi, da kwando a rufe, yana ɗingisawa a kan tsakuwa. Na ce wa 'yata, kin ga masu neman lada, har takalmi ya bari a gida don girmama malamai."

"Shigowa yake ko fita?"

Ta tsaya da ludayi a hannu. "Fita. Kai, ban ma ga shigarsa ba."

Sufeto ya cinye taliyarsa tsaf, bai yi gaggawa ba. Sannan ya koma wurin Lamai.

"Goggo, ina Kapi ke kai kayan satarta?"

Ta kai shi ƙarƙashin rumfar babbar ganga. Ya durƙusa ya haska tocila. Takalma ne tuli, duk wari-wari, sun yi ƙura. A samansu akwai ɗaya na fata, baƙi, yawun kare bai gama bushewa a jikinsa ba. An ƙara masa kaurin dunduniya, irin wanda baduku ke yi wa mai ƙafa ɗaya gajera.

Lamai ta dafe ƙirji. A garin nan mutum ɗaya ne ke sa irinsa.

Sufeto ya aika aka kira Thawi zuwa tsohon ɗakin. Ya ɗora nasa takalmin a dakali, suka shiga, suka zauna a ƙasa gaban mutum-mutumin. Ya ajiye takalmin fatan a bakin ƙofa daga waje, inda dattijon zai gan shi.

"Kawu, ka ce rabonka da nan tun kafin a haifi jikarka. Gaskiya ne, shi ya sa ba ka san Kapi ba."

Sufeto ya ci gaba da magana.

"Da wani ɓarawon ne, da takalminsa zai shiga ya fita. Kai ka kasa. Ko sata ka zo yi, ba za ka taka gaban Buddha da takalmi ba."

Dattijon ya ɗaga kai ya dubi mutum-mutumin, ya sunkuyar.

"Na fito na tarar da takalmi ɗaya," ya ce a hankali. "Na sa ɗayan a kwando na tafi. So na yi tallafin ya yanke, a kwashe karnukan, a huta."

"Ka zuba a kogi?" in ji Lamai. "Thawi, tare muka yi firamare. Ka zuba?"

"Har bakin ruwa na kai. Sai na tuna kayan sadaka ne, wasu mutane can nesa suka bayar don neman lada. Hannuna ya ƙi." Ya goge fuska. "Suna firijin shago, bayan lemo."

"Da sanyinsu?"

"Da sanyinsu. Ban kashe wuta ba."

Lamai ta zame ta jingina da bango. Ba ta zage shi ba, ta dai ce, "Asabar kai ma ka zo ka ga yadda karnukan suke layi, kamar 'yan makaranta."

"Wannan sai abin da alƙali ya ce," in ji Sufeto. "Tashi mu je, Kawu. Mu fara bi ta shago."

Suka fito. Sufeto ya duba dakali, sai ya ga takalminsa ɗaya ne. A dakali ya ajiye, ya manta da taga. Can ƙarƙashin rumfar ganga wutsiya na kaɗawa.

"Na faɗa maka, ɗan nan," in ji Lamai.

Ya yi kamar zai bi, sai ya fasa.

"Ƙyale ta, Goggo. Yau ta yi aikin da ya fi na kofur ɗina."

Ya tallabi hannun dattijon, suka nufi ƙofa a hankali a kan tsakuwa, Kawu Thawi yana ɗingishi cikin silifas, Sufeto ƙafa ba takalmi.