Hannu na Biyu a Littafin Tsuntsaye

"Zuhur! Wallahi kika taka ƙofar nan kin gama zubar mana da mutunci!"

Lalla Mbarka ce ta riƙe gefen jallabiyar 'yarta tana haki, don tun daga gida take bin ta da gudu. Zuhur ba ta juyo ba. Idonta na kan ƙofar gidan shayin Si Bushta, inda tun da aka gina shi 'yar gari ba ta taɓa shiga ba, sai dai matan Turawa masu wando.

"Inna, sake ni..."

"Ba zan saka ba! Me za ki ce musu?"

"Gaskiya."

"Gaskiyar da za ta hana ki aure har ki tsufa?"

"Motar birnin Tanja ƙarfe goma za ta tashi, Inna. In Jilali ya shige ta, auren ma na yafe shi."

A wancan zamani Marja Zarga tana Marja Zarga. Da sanyi ya shigo sai tsuntsaye su rufe tafkin, har in suka tashi gaba ɗaya sai ka rantse hadari ne ya taso daga teku. Turawa kan zo da madubin hangen nesa a wuya, masunta su ɗauke su a kwale-kwale, wani lokaci har su fita bakin teku. Amma duk wannan taro, tsuntsu ɗaya tak suke nema: Mai Siririn Baki. Ɗan toka-toka ne, bakinsa a lanƙwashe kamar lauje, a haƙarƙarinsa akwai ɗigo-ɗigo masu siffar zuciya. An ce saura kaɗan ya ƙare a duniya. Akwai Baturen da ya gan shi ya zauna cikin taɓo ya yi ta kuka, da gemunsa da komai!

A gidan shayin akwai wani littafi mai baƙin bango, duk wanda ya ga tsuntsu sai ya rubuta. Dokarsa ɗaya ce: tsuntsun da ba a saba gani ba, sai da sa hannu biyu, na wanda ya gani da na shaidarsa. Ba Allal, mahaifin Zuhur, shi ya kafa dokar, don shi ne tsohon jagoran tafkin.

Shekara uku Mai Siririn Baki bai zo ba.

Kwana goma da suka wuce, da hantsi, Zuhur na tonon ƙumba a tsibirin taɓo, ta yi nisa da sauran mata, ba ta ankara ba ruwa ya dawo ya zagaye ta. Sai ga Jilali, matashin jagora mai kwale-kwalen filafili, wanda aka riga aka yi wa alkawarinta amma ba a ɗaura ba.

"Lalla Zuhur, kin koma belbela ne?"

"Ka yi ta dariya har in nutse!"

"Shigo, hasken idona."

"Mu biyu kawai? In aka gan mu fa?"

"Zan bi ta bayan ciyayi in sauke ki. Kifi ne kawai zai gan mu, shi kuwa ba ya tsegumi."

Suna cikin ciyayin ne ya tsaida tuƙi cak. Ya ɗaga madubi.

"Shi ne..." ya ce da raɗa. "Zuhur, shi ne!"

Ko numfashi uku bai yi yana kallo ba, ya cire madubin daga wuyansa ya rataya mata.

"Kalla."

"Kai fa? Shekara uku kana nemansa!"

"Ni na gani. Kalla, rabin raina, kafin ya tashi."

Ta kalla. Ta ga tsuntsun yana takawa a kan taɓo, ta ga 'yan zukatan nan a jikinsa. Har ya tashi ya nufi teku madubin na idonta.

Da la'asar Jilali ya rubuta a littafi, ya sa hannu. Wurin hannu na biyu ya bar shi fayau.

Kasim, mai jirgi mai inji, wanda ya taɓa neman Zuhur aka ce masa an yi alkawari, shi ya fara tafa hannu.

"Jama'a ku zo ku ga abin al'ajabi! Tsuntsun da ya gagari Turawa ya kai wa Jilali gaisuwa shi kaɗai! Ya sha shayi kuwa?"

Aka kwashe da dariya.

"Wa ya gani tare da kai, ɗana?" in ji Ba Allal.

"Ba kowa, Baba."

"Ba kowa?"

"Ba kowa."

"Dabarar jawo Turawa ce," in ji Kasim. "Jirginsa ba inji, sai ya sa wa bakinsa."

Ba Allal ya ɗauki alƙalami ya ja layi a kan rubutun.

"Shekara talatin littafin nan bai ci ƙarya ba. Wanda ya yi wa tsuntsu ƙarya zai yi wa mace. Na janye alkawarina."

Kwana tara ba wanda ya shiga kwale-kwalen Jilali. Ran na goma da sassafe Zuhur ta same shi a bakin ruwa yana kife shi a kan yashi, ga ƙunshin kayansa a gefe.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In faɗi me? Cewa 'yar Ba Allal ta shiga ciyayi da namiji? Kin san bakin garin nan."

"To sai su ce maka maƙaryaci?"

"Nawa sunan zan tafi da shi Tanja in wanke a jirgin kamun kifin sardin. Naki a nan zai zauna."

"Jilali... ni fa?"

Bai iya kallon ta ba.

"Ki riƙe madubin. Ni ba abin da ya rage in kalla."

Shi ya sa yanzu take tsaye a ƙofar gidan shayi, madubi a wuya. Ta zare jallabiyarta daga hannun uwar a hankali, ta shiga.

Masu karta suka tsaya. Si Bushta na zuba shayi daga sama, ya manta, har kofi ya cika ya malale. Jilali na kusurwa yana jiran mota, ya miƙe zumbur.

"Zuhur, fita! Don Allah!"

"Baba," ta ce, "a ba ni littafin. Ni ce hannu na biyu. Ina cikin kwale-kwalen. Ruwa ne ya tare ni ya ɗauko ni."



"A'aha!" in ji Kasim. "Ashe tsuntsuwar da ya gani ke nan! Ba Allal, soyayya ce ke magana. Ya karanta mata ta haddace. Baki a lanƙwashe, ɗigo a jiki, ko jakina ya san wannan."

Ba Allal bai kula shi ba. Fuskarsa ta yi ja, amma ya dubi 'yarsa.

"Me kika gani? Ban da abin da kowa ya sani."

Ta tuno safiyar.

"Ɗingishi yake, Baba. Ƙafar hagu. A saman gwiwar akwai ƙulli kamar ƙwallon zaitun, kamar ta taɓa karyewa aka ɗora ta a karkace."

"Ni ban ga wannan ba," Jilali ya ce ba tare da ya shirya ba. "A tsaye na gan shi, sai na ba ta madubin."

"Kun ji ko!" in ji Kasim. "Ko ƙaryar ba su haɗa daidai ba!"

Amma Ba Allal ya zauna daɓas a kujera. Ya cire hularsa. Hawaye na bin gemunsa.

"Yana da rai..." ya ce. "Ya Allah, Gurguna yana da rai!"

Aka zuba masa ido.

"Shekara bakwai ke nan. Wani maharbi na kai harbin agwagi, harsashi ya sami tsuntsun nan. Ni na kai mutumin, da jirgina. Na ɓoye tsuntsun a bukkar raga, na ɗora ƙafar da tsinken kara da zaren koma, a karkace, don ni ba maɗori ba ne. Kunya ta hana ni gaya wa kowa. Ko uwarki ba ta sani ba."

"Ashe shi ya sa tsutsa ta cika aljihunka a shekarar nan!" Lalla Mbarka ta faɗa daga bakin ƙofa, ba ta san ma ta sa ƙafa ciki ba.

Dariya ta ɓarke, har da mai kuka. Kasim ya sulale ya bar shayinsa.

Ba Allal ya juya ga Jilali.

"Kai! Tsuntsun da aka yi shekara uku ana nema, ka gan shi ka miƙa wa mace madubi?"

"Eh, Baba."

"Wawa!" Ya share ido da hula. "Kwance ƙunshin nan. Ba za a sami wawa irinka sau biyu ba."

Zuhur ba ta iya rubutu ba. Ta tsoma yatsa a shayin da ya malale, ta goga a gindin butar da gawayi ya baƙanta, ta dangwala a gefen sunan Jilali. A waje motar Tanja ta yi ta hon, ta gaji ta tafi.

Gari ya yi surutunsa, har wasu mata suka daina gaishe ta a wurin tonon ƙumba. Da aka ɗaura aure da bazara, su ne a gaba wajen cin kuskus.

Mai Siririn Baki bai sake zuwa ba. Turawa suka ragu, Si Bushta ya rasu, gidan shayin ya koma shagon sayar da waya. Littafin yana akwatin Zuhur, dangwalen ya koɗe ya zama kamar tabon tsatsa.

Amma har yau, da sanyi ya shigo, za ka ga tsofaffi biyu a kwale-kwalen filafili suna bin bayan ciyayi. Madubi ɗaya gare su, gilashinsa ɗaya ya tsage.

"Karɓi, kalla," in ji shi.

"A'a, tsoho. Wannan karon in ya zo, kai za ka riƙe."

"Idona ya mutu, Zuhur. Ko ya zo ba zan gane shi ba."

"To kai ka riƙe," ta ce, tana rataya masa a wuya, "ni in gaya maka yadda yake tafiya."