Kaset ɗin Mijin Umma

Dab da magariba na kai tsohuwar bidiyonmu shagon mai gyara. Kaset ne ya maƙale a ciki, na mijin Umma, wanda ya tare a gidanmu bayan rasuwar mahaifina. Mutumin kirki, in ji kowa. Ni dai jinina bai taɓa haɗuwa da nasa ba, balle fiton nan da yake yi in yana wanke hannu.

Shagon sai warin dalma da ƙonanniyar waya. Mai gyaran dattijo ne da ba ya iya ganin abu a lalace ya ƙyale. Ya kwance murfin, ya jona da talabijin ɗinsa. Tsohon fim ne, hoton duk ya koɗe: wani ya auri bazawara, yana bin mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya yana kashewa.

Sai na ji fiton.

Na ƙura wa allon ido. Labulen falonmu ne. Ga Umma durƙushe tana ninke kaya, ga mijinta a bayanta da guduma.

Ya sauke mata a kafaɗa. Ƙashin ya ce ƙas. Ta kife.

"Baba, kashe," na ce.

Ya zare wayar wuta. Hoton bai ɗauke ba. Wai ragowar wuta ce.

Mijin Umma ya sake ɗaga gudumar. Ya waiwayo. Ni ya yi wa murmushi.

Na fizgo zaren kaset ɗin, na datse da almakashi. Wani abu mai ɗumi ya jiƙa mini yatsu.

Allon ya yi baƙi.

A guje na isa gida. Umma na numfashi. Shi kuwa yana kwance gida biyu, an raba shi daga ƙugu, gudumar na hannunsa. Wallahi ko ɗigon tausayinsa ban ji ba.

Umma ta rayu, sai dai hannun bai ƙara ɗaguwa ba. Ranar da aka sallamo ta, muna shiga gida mai gyara ya kira ni a waya, muryarsa cike da murna. Wai ya manne zaren da salatif, fim na tafiya sumul.

"Ba sai kin zo ba, 'yata. Mijin mamanki ya karɓa ɗazu."

A banɗakinmu, famfo ya fara zuba. Wani yana wanke hannu.