Zafi na Zuwa

Akwai abubuwan da bai kamata ɗan Adam ya taɓa ba bayan faɗuwar rana. Na farkonsu, a ganina, wayar batir ce da jiƙaƙƙen hannu.

Amma tunda kun nace sai na aljanu, ku matso. Barira, rage fitilar nan.

Kun san Yaya Haladu, ɗan Baffa na Bukuru. A duk yankin shi kaɗai ya rage mai gyaran hitar tsofaffin motoci, irin mai shan fetur. Wuta ce sosai take ci a cikin wata 'yar tukunyar ƙarfe, fanka ta hura ɗumin cikin mota, hayaƙin ya fice ta ƙaramar salansa. Idan zai gwada ta, sai ya ciro ta ya ɗaure a kan benci, ya zura salansar ta wani rami a bangon gareji. Bayan bangon babu komai sai tsohon suri da 'yar hanyar da ke gangarawa kududdufin da masu haƙar kuza suka bari.

Maigidansa ya koya masa abu guda. Kafin ka kunna, ka buga bango ka ce, “Bismillahi. Masu wuri, a kauce, zafi na zuwa.” Kamar dai yadda Inna ke yi in za ta zubar da ruwan zafi.

Wata magariba a watan Agusta, ana yayyafi, ga sanyin da kuka sani. Mai motar na tsaye a kansa, wani Dakta mai tara tsofaffin motoci. Haladu ya ɗaga hannu zai buga bango. Ya kalli gilashin idon Dakta. Sai ya sosa ƙeya da hannun.

Hitar ta ƙi kamawa. Ya sake, ta ƙi. Duk gwajin nan kuwa fetur na taruwa a tukunya. Da ta tashi kamawa, bum! Harshen wuta ya bi salansa ya fita.

Daga bayan bango aka yi ƙara. Siririya.

“Kyanwa ce,” in ji Dakta. Ya buɗe lema ya tafi.

Haladu na nan tsaye aka yi sallama. Mace ce, da goyo. Ta ratso laka, amma ƙafafunta a bushe suke, ƙal. Idan za ta yi magana, muryar ke fara isowa, sannan leɓɓan su motsa.

“Malam, ba ka yi magana ba.”

“Baiwar Allah, mantuwa...”

“Ba mantuwa ba ce. Kunya ka ji.”

Ta kwance goyon. Hannun yaron ya saɓule har gwiwa. Ba ya kuka, rawar ɗari kawai yake. Daga baya Haladu ya ce min da matar ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

“Kai ma kana da guda ɗaya,” in ji ta. “Hajjo. Jiya ta fara tafiya.”

Ya zube a ƙasa. Ya miƙa mata hannunsa na dama.

“Ga nawa. Don Allah ki ɗauki nawa.”

Ta dubi hannun, duk baƙin mai.

“In yi me da shi? Ka fasa mana rufi, ruwa na shiga. Sanyi zai kashe min shi kafin ƙunar. In ya kai asuba, taka ma ta kai. Kunna abin nan.”

Ya tsiyaye fetur ɗin da ya taru. Ya ciro fulogi ya kankare baƙin da ya toshe shi, ya mayar. Ya buga bango. Ya faɗi kalmomin da ƙarfi, ga mai wurin a gabansa.

“Yanzu ka iya,” ta ce.

Hitar ta yi tik, tik, tik, ta kama lafiya lau. Matar ta zauna a gaban ɗumin da yaron a cinya. Haladu ya kwana yana ƙara fetur, bai iya kallon hannun nan ba, bai kuma iya daina kallonsa ba. Wajen kiran assalatu yaron ya yi atishawa. Haladu ya juya ya ajiye kwalbar fetur, da ya waigo babu kowa.

Ya ruga gida. Hajjo na barci, hannuwanta biyu lafiya.

Ni na gaya masa hayaƙin da ba ya wari yakan sa mutum ganin baƙi iri-iri. Ya ce haka ne, amma hayaƙi bai san sunan 'yarsa ba. Ban ci gaba da muhawarar ba, shayina yana hucewa.

Saboda haka, Jafaru, hanyar bayan garejin nan kada ka bi ta kai kaɗai. Akwai laka, in ka fi son wannan dalilin.

Ba wanda ya sa Haladu, amma ya saye hitar daga hannun Dakta. Duk magaribar da aka yi ruwa yana kunna ta a gareji ya fito ya ja ƙofa. Da fetur ya yi tsada, ya je bayan bango ya durƙusa, ya tambaya ko yaron ya warke haka nan.

Ba a amsa ba. Ya sayar da babur ɗinsa, ya ci gaba da sayen fetur.