Laimar da Baba Ya Zana

Gyaran firij ne ya kawo shi gidan, ruwan sama kuma ya hana shi tafiya. Ya tarar da iyalin a falo, sun kasu gida biyu suna wasansu na ƙarshen mako: mutum ya zaro kati daga kwali, ya zana abin da ke jiki a allo, 'yan ɓangarensa su canka. Dokar Baba ɗaya ce, mai zane ba ya magana. Ɓangaren Auta da giɓin mutum guda, sai Baba ya ce wa mai gyaran ya ajiye jakarsa ya cike gurbi.

Allah ya ba shi hannun gyara, amma bai ba shi na zane ba. Da ya zaro kati ya zana, Yaya ya ce kwano ne a kife, Anti ta ce hula, Mama ta rantse naman kaza ne. Auta ta dubi allon, ta dubi rigarsa da ta jiƙe, ta ce a hankali, "Laima ce."

Ya juyo suka haɗa ido. Tun daga ranar sunansa ya koma Mai Laima, firij ɗin gidan kuma ya shiga lalacewa ba dalili.

Da maganar aurensu ta kai gaban Baba, sai ya ce a'a. Bai san mutanen yaron ba, ga kuma ɗan amininsa mai kantin magani ya daɗe yana kamun ƙafa. Bai tilasta mata ba, ya dai ce ta ba shi lokaci. Lokacin ne bai samu ba. Wata safiya ya faɗi a bakin ƙofa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya tafi da shi. Maganarsa ta ƙarshe a kan auren ita ce a'a, Auta kuwa ta san ba za ta iya tsallake ta ba.

Ta daina ɗaga waya. Mai Laima kuma kullum yana ganin motar mai kantin magani a ƙofar gidan, bai san magani take kawowa ba. Ya rubuta mata:

"Autata, in kin zaɓi wani, ki faɗa min da bakinki. Zan yi miki addu'a ko da zuciyata na ciwo."

Ta amsa: "Mai Laima, ban zaɓi kowa ba sai kai. Amma bakin da zai ba ka ni ya rufe. Ka yi haƙuri da ni."

Bai yi fushi ba. Ya riƙa zuwa yana ɗaga Baba daga gado zuwa kujera, ya yi masa aski, ya gyara tayar keken guragun, ya tafi ba tare da ya nemi ganinta ba.

Wata rana da yamma, Mai Laima na nan, Baba ya nuna kwalin wasan da ya yi ƙura a saman kabad. Aka sauko da shi jiki a sanyaye. Mama ta miƙa masa kati, ya ture. Ya karɓi alli da hannun hagu, ya daɗe yana ja a allo.

Yaya ya ce kwano ne, don dai a faranta masa. Anti ta ce hula. Baba ya girgiza kai, ya kafe Auta da ido. Ita kuwa tuni hawaye ya cika mata ido, don ta taɓa ganin wannan mummunan zanen.

"Laima ce, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya ƙara jan layi biyu a ƙarƙashinta, ɗaya dogo, ɗaya gajere, kusa da juna. Sannan ya miƙa wa Mai Laima allin, ya damƙe hannunsa a cikin nasa. Babu wanda ya sake canka komai.

Ranar auren, Mama ce ta zame wa Baba baki. Ta ce Allah ya yi musu albarka, ya sa su zame wa juna inuwa, ya ba su zuri'a mai jin ƙai. Baba ya ɗaga tafin hagunsa ya shafa. Allon yana rataye a falon Auta har yau, kuma ta hana kowa gogewa.