Surukin da Ba Ya Gaisuwa

A lif ɗin hawa benen gidansu na Silver Spring, kusa da Washington, Dorkas ta fara ganinsa. Ta gaishe shi, ya ɗaga mata gira kawai. Ta ja tsaki, ta raka shi da harara har hawa na shida.

Washegari ya tare ta da waya a hannu, ya nuna mata rubutu: "Sunana Afonso, daga Fotugal. Mawaƙin opera ne ni, wato wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa. Ranar wasa ba na magana, don in adana muryata."

"To ranar wasa kada ka shiga lif," in ji ta.

Da faɗa aka fara, kuma faɗan ne ya zama so. Ta laƙaba masa Gunki, shi kuma yana kiranta Barkonona.

Afonso tun yana yaro yake waƙa a cocin garinsu, har muryarsa mai kaiwa ƙololuwa ta kawo shi Washington. Ana daf da ba shi babban matsayi a wasa aka yi masa aiki a maƙogwaro. Likita ya ce ko tari kada ya yi, in ba haka ba muryar ta tafi ke nan.

A makon ne mahaifin Dorkas, Baba Longji, ya iso daga Jos. Afonso ya rusuna, bai ce uffan ba.

Baba ya yi kicin-kicin da fuska. "Wannan ne? Maroƙi, kuma marar tarbiyya! Ga Matthew injiniya mai neman aurenki, kullum sai ya bugo ya gaishe ni."

"Baba, ciwo ne da shi."

"Ciwon girman kai. Wanda bakinsa ya fi ƙarfin gaishe ni, ba zai buɗe shi ya nemi 'yata ba. Jibi zan koma."

Zuciyar Dorkas ta karye. Ta tura saƙo: "Gunkina, kada ka zo. Ka riƙe muryarka."

Bai ji ba. Ya zo ya durƙusa, da Hausar da ta koya masa ya ce, "Baba, ina kwana? Ina gajiya? Yaya iyali?" Muryar tana karce kamar tsohuwar ƙofa, har ya tofar da jini a hankici.

Baba ya zabura. "Rufe bakinka, ɗan nan! Wa ya aike ka?"

Matsayin ya tafi ga wani, kuma har yau likita bai ce muryar za ta dawo ba.

An ɗaura auren Dorkas da Afonso a garin Clinton. Duk wanda ya nufi ango da gaisuwa, Baba sai ya sha gabansa yana muzurai.

"Ni za ku gaisar. Ɗana ya riga ya yi tasa. Allah ya yi musu albarka, ku wuce."